Inda Kaset ɗin Baba Ke Tsalle

Babanmu malamin gona ne, a Gella yake aiki, mu kuma muna zaune a cikin Mubi. Mutum ne da ba ya zaman majalisa, ko ƙwallo ba ta dame shi ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya ƙi fita, wani tsohon fim na Turawa mai dogon zango, na wasu mutane da ke yawo a jirgi tsakanin taurari. Shekarar da aka raba Gongola aka ce mu 'yan Adamawa ne, wani abokinsa mai fatauci ta Belel ya kawo masa kaset-kaset ɗin bidiyon daga Kamaru, kwali guda cike. A ciki har da wani ƙaramin kaset na rediyo, ba komai a kansa sai kiɗe-kiɗen fim ɗin, babu waƙa babu magana.

Fim ɗin da Faransanci yake, kuma kaf gidanmu babu mai jin ko gaisuwa da Faransanci. Wannan bai hana Baba komai ba. Ran Lahadi in an taso daga coci, in Allah ya sa akwai wuta, sai ya ja kujera gefen talabijin ya riƙa fassara mana. Ya ce mutanen jirgin fatake ne, hanya ta ɓace musu, gida suke nema. In shugaban jirgin ya ɗaure fuska ya yi dogon bayani, sai Baba ya ce, "Ya ce mai ya kusa ƙarewa, kowa ya rage cin abinci." Yayana, wanda nake bi, ya ce, "Haba Baba, ina ruwan mai da abinci?" Baba ya ce, "Kai ne mai jirgin ko shi?" Mama tana tsintar shinkafa tana dariya ƙasa-ƙasa. Hoton kuwa baƙi da fari yake fitowa a akwatinmu, mu duk mun ɗauka haka aka yi shi.

Ƙaramin kaset ɗin shi ne na kullum. Da shi yake aski, da shi yake karyawa. Rediyonsa tsohuwa ce, batir kullum rabin rai, saboda haka kiɗan ja yake yi a hankali kamar kukan saniya. Wata rana rediyon ta cinye zaren. Ban taɓa ganin Baba ya rikice irin na ranar ba, ya riƙe kaset yana juya shi kamar wanda aka miƙa wa jinjiri ba shiri. Mama ta ce, "Kawo nan, kada ka ƙarasa shi." Ta sa reza ta yanke inda ya cukuikuye, ta haɗa bakin biyu da ɗigon jan farcenta, ta naɗe da biro. Tun daga ranar, a tsakiyar kiɗan farko, daidai inda busar ƙahoni ke hawa sama, sai kaset ya yi tsalle ya dira a gaba. Da fari Baba ya yi ta mita. Daga baya sai ya zama wurin yake jira. Zai ɗaga yatsa ya yi kasaƙe, da an yi tsallen sai ya buga gwiwarsa ya ce, "Ga hannun mamanku."

Mama ta rasu ina koyarwa a firamare. Bayan wasu shekaru hawan jini ya kayar da Baba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta tafi sai 'yan kalmomi. Na tattaro na dawo gida ina jinyarsa. Abin da ya fi ba ni wahala abinci ne. In na kawo cokali sai ya datse baki ya kau da kai. Na yi lallashi, na yi faɗa, don ni ba a san ni da haƙuri ba, har kuka na yi masa, a banza. Wata safiya yayana ya kunna tsohon kaset ɗin nan don kawai ɗakin ya yi shiru da yawa. Sai muka ga yatsan hagu na Baba ya tashi. Kaset ya yi tsalle, ya buga gwiwa, ya dube ni ya buɗe baki. Ranar ya shanye kofin kunun gyaɗa tas. Daga nan haka muka riƙa yi safe da yamma: in kunna, ya ɗaga yatsa, a yi tsalle, sannan ya ci. In babu kiɗan, ko ruwa sai an yi dambe.

Sai shekarar da 'yan bindigar nan da muke kira mutanen daji suka matso. Ƙarshen damina ne. Kullum a ji sun ci wani gari a arewa da mu, kuma kowa da labarin da yake kawowa. Wanda ya fi yawo a unguwarmu shi ne, in suka shiga gida suka tarar da fim ko kiɗa, mai gidan ya shiga uku. Wata yamma, bayan Baba ya sha kununsa, na fito na tarar da yayana yana haƙa a gindin mangwaro. Ya zuba duk kaset-kaset ɗin da kwalayensu a babbar tukunyar ƙasa, ya rufe bakin da faifai ya shafe da laka, yadda kakanninmu a kan dutse ke ɓoye iri. Na ce, "Yaya, ina ƙaramin?" Ya ce yana ciki. Na ce, "Kanka ɗaya kuwa? Da me zai ci abinci?" Ya ce, "Ke dai kin fiye baki. In gari ya waye lafiya zan tono miki shi da hannuna." Na zazzaga masa masifa iya son raina, ya yi banza da ni ya ci gaba da mayar da ƙasa.

Gari bai waye lafiya ba. Ban ko gama dama kunu ba muka ji harbi, mutane na gudu ta ƙofar gidanmu wasu ba ko takalmi. Muka ɗora Baba a baro, na shimfiɗa masa zane. Na waiwaya na kalli gindin mangwaron nan, yayana ya ce, "Kwana nawa za mu yi? Mu je!" Muka bi ta Gella muka hau duwatsu muka faɗa Kamaru. Daga baya muka zagayo ta Belel zuwa Yola, gidan wata ƙanwar Mama a Jimeta, inda mutane suka cika har zaure. Ba na son tuna hanyar nan. Abin da zan ce kawai, duk tsawonta ɗigon ruwa nake matsa wa Baba a baki da gefen zane.

A Jimeta ya ƙi ci. Na zauna gabansa na rera kiɗan da bakina, ya dube ni kamar bai san ni ba, kuma gaskiya muryata ba ta waƙa ba ce. Inna, ƙanwar Maman nan, ta dama kunu iri-iri, har da na tsamiya. In an yi sa'a ya haɗiyi cokali ɗaya ko biyu, sauran ya zubo ta gefen baki. Ina kallo wuyan rigarsa na ƙara faɗi.

Na shiga kasuwa wurin masu sayar da faifan fim. Abin kunya, ban san sunan fim ɗin ba. A gida fim ɗin Baba muke ce masa, rubutun kwalin kuma ba wanda ya taɓa iya karantawa. Na tsaya gaban wani mai shago, magidanci mai furfura a gemu, ina kwatanta masa jirgi da hannu kamar mahaukaciya. Ya saurare ni har na gama, ya shiga ciki ya fito da wani kwali mai sheƙi. Ya ce, "Malama, wannan kike nufi? An sake fitar da shi, an wanke shi tas." Na ga fuskar mai jirgin a jiki. Na biya na yi godiya, na koma gida kusan da gudu.

Muka aro na'urar faifai a maƙwabta, muka jingina Baba da matashi. Sai ga hoto ya fito. Launi ne! Rigunan da na sani toka-toka ashe masu kala ne rangaɗau, kiɗan kuma ya fito da sauri da ƙarfi, tsaf-tsaf. Suka buɗe baki sai Turanci, ina jin komai. Ashe ba fatake ba ne. Ba ma gida suke nema ba, da ƙafarsu suka baro shi suna yawon ganin duniya. Ban san dalili ba, amma haushinsu ya kama ni sosai, mu da muke kwance a tabarmar aro. Baba ya kalla na ɗan lokaci, ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Ba su ba." Ya juya fuska bango.

Na koma wurin mai shagon. Ya ce akwai faifan kiɗan shi kaɗai, shi ma sabon fitowa. Na roƙe shi ya juye mini a kaset, ya yi ta tone-tone har ya samo wani ya juye. Na aro rediyo, na cire batiran tocilan Inna da suka kusa mutuwa na zuba. Kiɗa ya fara ja a hankali, irin na gida. Wayyo Allah, sai ga Baba ya juyo. Yatsan nan ya tashi. Na ɗebo kunu na riƙe cokali. Ƙahoni suka hau sama, suka hau, suka sauko sumul, babu tsalle. Yatsan ya tsaya a sama yana jira har kiɗan ya ƙare, sannan ya sauke shi.

Na ce to, abin yanka ne, ni ma ina da hannu. Na sa reza na yanke na manna. Ya yi tsalle, amma ba inda na Mama ke dira ba. Na sake, na sake, har zaren ya gajarce kiɗan ya lalace. Shekara da shekaru ina jin abin nan safe da yamma, amma ban san iya abin da ta cire ba. Na jefar da rezar na fita bayan gida na yi kuka mai isata.

Da aka ce sojoji sun karɓe gari an buɗe hanya, yayana bai gaya wa kowa ba ya hau mota ya tafi Mubi. Ya dawo da buhu a kafaɗa, ya ƙi haɗa ido da ni. Gara ce ta shiga tukunyar. Kwalayen ta biyo, ta cinye su, ta gina gidanta a cikin kaset-kaset ɗin. Na bidiyon duk sun zama curin ƙasa. Ya ciro ƙaramin daga aljihun gaba ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Ki yi mini faɗan, na ji." Na karɓa kawai. Ai ni ma da kunnena na ji labarin da ya sa shi haƙa ramin.

Na kwance ƙusoshin kaset ɗin na share ƙasar da auduga. Zaren ya tsittsinke gutsi-gutsi, wani wurin ya manne, wani wurin babu shi sam. Amma haɗin Mama yana nan daram, ɗigon ja mai duhu, bai ko motsa ba. Na samo jan farce mai ruwan hoda wurin matan gidan, na zauna tun hantsi har la'asar ina haɗa gutsattsarin, yayana na riƙe mini bakin zaren da manyan yatsunsa. Na naɗe da biro yadda na ga tana yi. Inna ta dama kunun gyaɗa mai zafi.

Na kunna. Kiɗan gida ne, shi ne, da jansa da shash ɗinsa. Idon Baba ya buɗe sosai, yatsa ya tashi. Kafin a je ko'ina kaset ya yi tsalle, nawa haɗin. Ya buga gwiwa. Sai ya sake tsalle. Ya ɗaga yatsa da sauri ya sake bugawa, ya dube ni. Tsalle, tsalle, tsalle, ko'ina tsalle. Hannun ya yi ta tashi yana sauka yana lalube, har ya rasa inda zai tsaya. Na Mama ya zo a cikinsu ya wuce, ni na gane shi, na ce, "Baba, ga shi nan! Ga hannun Mama!" Bai buga ba. Ya kwantar da hannun a cinyarsa, ya ce a hankali, "Kashe."

Na kashe. Cokalin yana hannuna har kunun ya yi sanyi ya kama fata a sama.

Bai kai damina ba. A Yola muka binne shi, nesa da Mama, don ko da aka buɗe hanya, lokacin ba mai yarda ya ɗauki gawa zuwa Mubi. Mun koma gida daga baya, mangwaron yana nan, ramin ma yayana bai cike shi ba sai da na yi magana. Kaset ɗin yana wurina. Ba na kunna shi. Wani lokaci nakan sa biro in juya zaren a hankali, ruwan hoda ya wuce, ruwan hoda ya wuce, har in iso kan ja mai duhun nan in tsaya. Da ido ba ya ɓoyuwa, ko yaro zai nuna shi. Ranar nan ban yi tunanin in ciro zaren in nuna wa Baba ba.