Shekara Ukun da Na Ƙara wa Kawu Inusa

Kawu Inusa ba ya alwala a fili haka kawai. Duk gidanmu ba wanda ya lura sai ni. Yakan ɗauki buta ya tsuguna a gindin ɗan zogalen da ke bayan ɗakinsa, ruwan da ya zubo daga hannunsa ya sauka a saiwa. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma shekara goma sha takwas ya yi yana tafiya cirani Kano, yana tura kurar ga-ruwa. Da an kai amfanin gona gida sai ya tafi, ba ya dawowa Matameye sai hadari ya fara haɗuwa.

Bara gwiwarsa ta fara kumbura. Matarsa Balki ta ce in ya koma turin kura, a kwance za a dawo da shi. Ana cikin haka aka ji wani furoje, wato shirin dashen itatuwa, yana neman mai renon ƙananan shuka a lambunsa na hanyar Dungu, da albashi duk wata. Kawu bai taɓa aikin albashi ba, bai kuma yi lakkwal ba, wato makarantar boko. Ya kawo mini katin ɗan ƙasa da hotuna biyu a leda.

"Ke kika yi jami'a a Damagaram. Ki rubuta musu yadda suke so."

A takardar neman aikin akwai gurbin ayyukan da mutum ya yi a baya. Na rubuta ga-ruwa, sai na hango a raina mutanen biro, ma'aikatan ofishin, suna miƙa wa juna takardar suna dariya. Na goge. Na rubuta da Faransanci cewa ya yi shekara uku yana aiki a wani lambun furanni a Kano. Da nake karanta masa, na tsallake wannan layin. Ya dangwala yatsa.

Ranar ganawa ya ce in raka shi, ko za a yi Faransanci. Ba a yi ba. Mushe Isufu, mai kula da lambun, Bahaushe ne, yana zaune a inuwa, masu neman aikin huɗu suna kan benci kusa da shi.

"Malam Inusa, lambun nan na Kano a wace unguwa yake?"

"Wane lambu, ranka ya daɗe?"

"Wanda ka yi wa aiki shekara uku."

"Ni ga-ruwa nake yi a Kurna. Ban taɓa aikin lambu ba."

"To ga shi a rubuce, ga yatsanka."

Ɗaya daga kan benci ya ce, "Ƙila furannin ne ke sayen ruwan." Sauran suka yi dariya.

Kawu bai juyo ya dube ni ba. Da ya duba, da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Yatsan nawa ne, aikin ba nawa ba ne. A ba wanda ya yi." Ya fara laluben takalminsa.

Na ce, "Ni na rubuta. Bai sani ba."

"Me kika ce, Madmazel?"

Sai da na maimaita, da ƙarfi, kowa yana ji.

Mushe Isufu ya kife takardar. Ya ce rijiyar lambun tana ja baya da rani, shi ruwa ne damuwarsa. Ya ba kowa butar ban-ruwa biyu da layi ɗaya na shuka a ƙananan ledoji. Sauran suka gama nan da nan, ƙasa ta jiƙe sharkaf a bayansu, wasu ruwan ya ƙare musu kafin ƙarshen layi. Kawu ya fi kowa daɗewa, yana ɗingishi, yana kai bakin butar har cikin kowace leda. Bayansa ƙasa a bushe take, kuma ya dawo da saura.

"A ina ka koyi wannan?"

"Wanda ya tura ruwa ya hau tudu da shi ba ya shayar da hanya."

Aka ɗauke shi, da gwajin wata uku. Ni kuma Mushe Isufu ya miƙo mini sabuwar takarda. A tsaye na cike ta, a kan gwiwata: ga-ruwa, Kano, shekara goma sha takwas. Wannan karon na karanta wa Kawu kowane layi.

Muka kamo hanya ni da Kawu har muka shigo gari. Sannan ya ce, "Fadila, ashe sana'ar tawa ba ta shiga Faransanci?"

"Tana shiga, Kawu."

"To, madalla. Na ɗauka sai an yi mata wanka."

Ban iya ɗaga kai ba har gida. Balki ta tare shi a ƙofa tana tambaya, ya ce mata Litinin zai fara, bai ƙara komai ba. Ana kiran la'asar ya ɗauki butarsa ya nufi gindin zogale.