Tumakin Gwaggo Zarfa Cikin Rigunan Maza

Duk magidancin da ke ƙauyenmu, nan kan duwatsun Auras, da kashabiyar Gwaggo Zarfa ya yi aure. Rigar ulu ce mai hula, mai nauyi, ba ta jin tsufa. Tun mijinta Balkasim na raye take saƙa, ya rasu ta ci gaba, kuma da gashin tumakinta kaɗai take aiki. Allah bai ba ta haihuwa ba. Tumakin nan su ne gonarta, su ne abokan hirarta, su ke shan faɗanta idan mu mun ɓuya.

Ga baki, ga taurin kai. Mu nan ba a yi wa tunkiya aski sai 'ya'yan shamuwa sun leƙo daga sheƙarsu a kan hasumiyar masallaci. To, a wannan shekarar Afrilu ya shigo da rana mai daɗi, itatuwa suka yi fure, har muka fara shan gahawa a waje. Gwaggo ta ga tumakinta na haki, ta ɗauko almakashi ta aske su tas.

Mai sayar da gahawa, wanda ake kira Lahadar, ya ce mata, "Gwaggo, shamuwa fa ba ta ƙyanƙyashe ba."

Ta ce, "Ita ke kiwon su ko ni?"

Ba a yi mako ba iska ta juyo daga arewa, mai yankan kunne. Ta kakkaɓe fure, ta yaye rufin garken Gwaggo, ta zo da ƙanƙara tsaba-tsaba kamar gishiri. Askakkiyar tunkiya ba ta daɗewa a irin wannan. Da safiyar Juma'a ɗaya ta mutu, sauran suka cure wuri guda suna karkarwa, ɗakin Gwaggo kuwa ko rabinsu ba zai ci ba.

Muna fitowa daga masallaci, kowa ya dunƙule cikin kashabiyarsa, sai ga ta a bakin ƙofa da jaki.

"Ku tuɓe," in ji ta.

Muka dubi juna. Sha'aban mahauci ya ce, "Gwaggo, lafiya? A wannan sanyin?"

"Kai kana da murhu, kana da mata, ga kitse. Su me suke da shi? Gashin iyayensu ne a jikinku. Aro aka ba ku, yau masu abu na so."

"Ai sai da aka gaya miki."

"An gaya mini, na ƙi ji, ga shi na gani. Ko jira kake su galabaita ka zo da wuƙa?"

Ni dai raina ya ɓaci, don tawa sabuwa ce fil, kuma ni da sanyi ba ma ga maciji. Amma liman, tsoho tukuf, ya cire tasa ya aza a kan jaki. Bayan liman wa zai tsaya? Muka tuɓe, muna ƙunƙuni, muka bi ta har garke.

Aikin ba sauƙi. Ka danne tunkiya, ka cusa ƙafafunta na gaba a hannun riga, ka naɗe sauran a ciki ka ɗaure da igiya. Wadda ta sami ta liman ta miƙe tana taku ɗai-ɗai, hula na reto a ƙeya. Sha'aban ya ce saura ta ja mu salla, liman da kansa ya yi dariya har da tari.

Kwanakin da suka biyo ba namijin da ya leƙa waje. Muna gida lulluɓe da bargunan matanmu, su kuwa abin nema ya samu, suna kiran mu amare.

Ranar da iska ta kwanta na yi sammako karɓo rigata. Na tarar da Gwaggo zaune a ƙofar garke, idonta ya yi ja don rashin barci, bakinta har kunne.

"Ammar, shiga ka duba," in ji ta. "Ko ɗaya ba ta ƙara faɗuwa ba."

Gaskiya ne, duk suna tsaye suna tuƙa. Na yi murna ƙwarai, har na manta fushina. Na gano tawa a lungu, ta yi kaca-kaca da kashi. Tunkiyar da aka sa wa ita ta haihu a cikin sanyin nan, ɗan yana barci a cikin hular.

Gwaggo ta ce a hankali, "Ɗana, ka bar masa zuwa gobe."

Na ce ya riƙe har ya yi nasa gashin.