Ranar da Baba Ya Ƙi Barin Injinsa

Wata Litinin ce a watan Fabrairu na shekarar 2000, ba a ma cika shekara da sojoji suka miƙa mulki ba. Ina aji biyar a firamare, muna tsugune bayan ajinmu muna wasan carafke da duwatsun da muka tsinto a bakin layin dogo, sai muka ga iyaye mata suna shigowa makaranta da gudu, wasu ba ɗankwali, kowace tana kiran sunan ɗanta. Ba a kaɗa ƙararrawa ba. Malamarmu ta leƙo ta taga ta ce kowa ya kama hannun ƙaninsa ya tafi gida, kada wanda ya bi titi. Na je aji ɗaya na jawo ƙanena Bulus, yana kuka don ya bar takalminsa ɗaya a ƙarƙashin benci. Da muka fito na ɗaga kai, na ga hayaƙi baƙi ya miƙe daga wajen gari, tsallaken kogi.

A Makera muke zaune a lokacin, gidan haya mai ɗakuna jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakiya, igiyar shanya daga wannan bango zuwa wancan. Mahaifina, Ayuba, yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Rayuwar gidan duka jiniyar kamfani ce ke juya ta. In ta yi kukan safe, ni ce mai share tsakar gida da kai markaɗen gero, domin Mama kunun zaƙi take sayarwa. In ta yi na rana, mun san Baba ya kusa, sai mu zauna a dakali mu jira ƙarar kekensa. Yakan dawo da burbushin auduga a gashi da gira, kamar wanda ya tsufa a wuni ɗaya, Bulus ya hau cinyarsa yana tsince masa. Kayan Kirsimetinmu daga ƙyallayen atamfar da yake samowa Mama ke haɗa su, hannun riga daban, jiki daban, mu kuwa muna taƙama da su a coci. Ranar Asabar mukan bi shi 'yar gonarsa a bayan layin dogo, mu cire ciyawa a kunyar kuɓewa da alayyafo, shi yana gaba da fartanya, ba ya yawan magana.

Akwai wata ƙa'ida a aikinsu. Injin saƙa ba ya kwana, mutane ne ke canjawa, kuma mai tashi ba ya barin injinsa sai abokin canjinsa ya zo ya tsaya a gefensa, ya nuna masa inda zare ke tsinkewa da abin da ya rage. Da yawa suna yi wa ƙa'idar riƙon sakainar kashi, jiniya na kaɗawa sun kama hanya. Baba ba ya haka. Abokin canjinsa Malam Isa ne, wani dogo mai fara'a daga Unguwar Mu'azu, wanda yakan aiko mana da naman layya a ƙunshe cikin takarda. Shekaru suna miƙa wa juna inji ɗaya. In Malam Isa ya makara, Baba ya makara, tuwo ya huce, Mama ta yi ta mita. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ban miƙa ba, yaya zan tafi?"

Ranar da nake ba da labari Baba yana aikin safe. Da rana ta take, ma'aikatan unguwarmu suka fara dawowa a guje, wani da jini a riga. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya a ƙofarmu yana haki, ya ce an kashe injuna, an ce kowa ya tafi, ba wanda ya rage a ciki. Mama ta tambaye shi ko ya ga Baba, ya ce a wannan turmutsitsin ko ɗan'uwansa ba zai gane ba. Daga nan ba ta sake tambayar kowa ba. Ta juye kunun da bai sayu ba a roba, ta wanke tukunya, ta sake wanke ta. Jiniyar rana ba ta yi kuka ba, kuma ban taɓa sanin rashin ƙara na iya tsorata mutum haka ba. Yamma ta yi, ƙarar bindiga tana matsowa, ba keke, ba Baba.

Washegari da safe gidan ya fara watsewa. Oga Chidi, bakaniken da ke ɗakin ƙarshe, ya tayar da wata tsohuwar bas da ya daɗe yana gyarawa, ya ce zai kwashe mata da yara zuwa Sabon Tasha. Aka yi ta tura katifu da tukwane ta taga. Ya zo ƙofarmu yana goge hannu da tsumma.

"Maman Rifkatu, kwaso yara. Ba zan dawo sau biyu ba fa."

Mama ta ce, "Ka tafi, Oga Chidi. In ya dawo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, fita zai yi nemanmu. Ka san shi. Ni ce na kashe shi ke nan."

"In kuma ba zai..." Sai ya dube ni, ya haɗiye sauran. "Kai! Miji taurin kai, mata taurin kai. Wane fasto ne ya ɗaura wannan aure?" Ya koma motarsa, ya dawo da burodi biyu ya dangwara mini a hannu, ya ce in kulle ƙofar gida da sakata, ko shi ne ya buga kada in buɗe.

Bayan tafiyarsu gidan ya zama kamar ba namu ba. Kaji suna yawo a ɗakunan da aka bari a buɗe. Wani zane da aka manta a igiya yana kaɗawa, duk motsinsa sai gabana ya faɗi. Sau biyu muka ji gungun mutane sun wuce ta bayan katanga suna ihu, Mama ta tura mu ƙarƙashin gado, ta toshe bakin Bulus da tafin hannunta, ina jin bugun zuciyarta a bayana. Da suka wuce sai ta durƙusar da mu. Ban iya doguwar addu'a ba, abu ɗaya nake ta maimaitawa, Yesu ka dawo mana da Baba. Ita kuwa tata ta ba ni haushi a lokacin, domin cewa ta yi, "Ubangiji, inda yake kana can, inda muke kana nan. Ko ka dawo da shi ko ka riƙe shi, kada ka sake hannunmu." Na so ta roƙi abu ɗaya kawai, kamar ni.

Ran Laraba, da hantsi, aka buga ƙofa a hankali. Ba wanda ya motsa. Sai muka ji tarinsa, irin tarin masu aikin auduga. Mama ce ta zare sakata. Yana tsaye da kekensa a hannu, idanunsa sun faɗa, ya biyo bayan motar sojoji a ƙafa. Ba ta rungume shi ba, ba al'adarsu ba ce. Ta kama ƙarfen keken da hannu biyu ta ce, "Ina ka tsaya?" Ya ce, "Malam Isa bai zo ba." Ashe da aka ce kowa ya tafi, shi zama ya yi kusa da injin yana jira, wai lokacin canji ya kusa. Kafin ya haƙura ya fito, masu gadi sun garƙame ƙofar kamfani, ba shiga ba fita. A ciki ya kwana biyu da wasu 'yan tsiraru, suna jiƙa garin rogo. Hanyar da ya saba bi kuwa, a nan aka tare mutane a daidai lokacin da zai wuce. Mama ta ce, "Gari na ci da wuta, kai kana gadin inji!" Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta zauna a ƙasa.

Sai da ƙura ta lafa muka ji cewa Malam Isa ya fito daga gida a ranar, da kwanon abincinsa a bayan keke, zai je ya karɓi Baba. Bai isa ba, bai kuma koma ba. Baba ya sa rigarsa ta coci ya tafi Unguwar Mu'azu gaisuwa, duk da an hana shi. Daga baya, da aka nemi ya tashi a sujada a cocinmu ya ba da shaida, ya miƙe ya ce, "Allah ya kiyaye ni, na gode masa. Amma kada a ce don na fi wani. Ina jiran Malam Isa, shi ma wurina yake zuwa." Ya zauna. Wasu ba su ji daɗin gajartar ba.

Yanzu masaƙar ta daɗe a rufe, ciyawa ta fi mutum tsawo a harabarta, maƙwabtan da muka sha famfo ɗaya da su kowa ya koma ɓangaren da ya fi jin zai kwana lafiya. Yarana in na yi jinkiri kaɗan sai waya, ba su san irin wancan jira ba, ina kuma gode wa Allah da ba su sani ba. Da daminar da ta wuce Baba ya kwanta a asibiti, ƙirjin nan dai. Na zauna a gefensa, da girmana, na sami kaina ina addu'ar da na yi a ɗakinmu na Makera, kalma ɗaya ban ƙara ba. Wannan karon ba a ba ni shi ba. Mun kai shi ƙauye mun dawo, ina tashi da safe, ina dafa abinci, ina zuwa aiki, da ƙarfin da na san ba nawa ba ne. Wanda ya riƙe mu ranar da Baba ya dawo, shi ke riƙe da ni yanzu da ba zai dawo ba.