Mutuwar Orval ta Ashirin

A Titin Alder ba a cewa mutum ya zama ɗan unguwa sai Marlys Tervo ta kashe shi. Gidaje goma sha bakwai ne a titin, kuma duk ranar Asabar ta biyu a watan Oktoba, tun da sassafe, za ka ga mutanensu sun fito cikin rigunan sanyi, kofin kofi a hannu, sun yi cirko-cirko a bakin farfajiyarta. Kowa na neman sunansa a jikin duwatsun kabarin da ta jera domin Halowin, bikin ƙarshen Oktoba da yara ke shigar ban tsoro suna bi gida-gida karɓar alewa, ya ga irin mutuwar da ya yi bana.

An haifi Marlys a shekarar 1961 a wannan ɗan gari na arewacin Wisconsin. Mahaifinta shi ke rubuta allunan shaguna, a wurinsa ta koyi riƙe buroshi. Ta yi shekara goma sha huɗu a Milwaukee tana haɗa kayan dandamali a wani gidan wasan kwaikwayo: burodin ƙarya, takubban katako, kwalaben da ke fashewa a ka ba tare da rauni ba. Ta taɓa yin gasasshen talo-talo na roba da ya yi kyau har wani ɗan wasa ya faki ido ya kai masa cizo a bayan labule. Har yau tana cewa ba a taɓa yabonta kamar ranar ba. A 1999 ta dawo gida da mijinta Dale, bakanike, ta kama zanen tumatir da kabewa ga wani kamfanin sayar da iri. Ta kuma yi wa littattafan yara goma sha ɗaya hotuna. Wannan shi ne abin da ke ciyar da ita. Amma daga watan Agusta, motar Dale a waje take kwana, domin gareji ya koma hannun Marlys.

Duwatsun ba na dutse ba ne. Soso ne mai tauri, irin wanda magina ke cusawa a bango don tare sanyi. Takan yanka shi da ƙarfe mai zafi, ta sassaƙa suna da hoto, ta shafa fenti ruwan toka, sannan ta fesa ruwan shayi da ɗan baƙin fenti ta bar shi ya zurara. In ta gama manna masa gansakuka, sai ka rantse ya shekara ɗari a cikin ruwan sama, alhali da yatsa biyu za ka ɗaga shi.

Wanda ya jawo al'adar shi ne maƙwabcinta na tsallaken titi, Orval Dombeck, direban motar 'yan makaranta, mutum mai manyan kunnuwa da murya kamar ta injin niƙa. A 2003 Marlys ta kafa wasu duwatsu uku da suka rage mata daga wani tsohon wasa. Orval ya tsallako ya ƙare musu kallo.

"Mai fenti, wa ke kwance a nan?"

"Babu kowa."

"Kabari ba suna? Wannan ai ɓarnar fili ce. Sa nawa."

Washegari aka ga an rubuta: Orval Dombeck, hayaniyar yara arba'in ce ta yi ajalinsa. Ga hotonsa a bayan sitiyari, kunnuwan nan sun kumbura kamar faifai. Orval ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya tashi ya ce kunnuwan sun yi yawa. Kafin mako ya zagayo gidaje shida sun zo neman a kashe su.

Da tafiya ta yi nisa, abin ya samu dokoki guda uku. Ba wanda ke zaɓar mutuwarsa. Ba wanda ke gani kafin ranar. Ta uku kuwa a 2015 ta shigo, shekarar da Bernice matar Orval ta rasu: wanda ya mutu da gaske, ba a sake sa sunansa a farfajiya. Marlys ta ce da masu rai take wasa. Daga nan ba wanda ya sake tada zancen, amma kowa ya san cewa in sunanka na cikin maƙabartar Marlys, to lafiyarka lau.

Wurin Orval bai taɓa canjawa ba, layin gaba, gindin bishiyar da ke kusa da akwatin wasiƙu. Ya mutu a hannun kifin da ya janye shi cikin ramin da ya fasa a ƙanƙarar tafki. Ya mutu injin yankan ciyawarsa ya biyo shi da gudu. Ya mutu da yajin miyar waken da ya dafa da kansa. Kowace shekara sai ya ce kunnuwan sun yi yawa, kowace shekara kuma, ranar ɗaya ga Nuwamba, sai ya ɗauke dutsensa ya kai ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidansa ya jingina kusa da 'yan'uwansa. Zuwa 2021 sun kai goma sha tara.

A watan Agustan 2022 aka yi wa Orval aikin zuciya, yana da shekara tamanin da ɗaya. Ya yi kwana goma sha biyu a asibiti, ya dawo a rame, yana dogara sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. 'Yarsa Jolene ta baro aikinta a Minneapolis ta zo jinya. Ta kwashe gishiri da man shanu da naman gwangwani daga gidan, ta koma ba shi dafaffen ganye sau biyu a rana. Wata ranar Talata ta leƙo gareji, ta tarar da Marlys da ƙarfe mai zafi a hannu.

"Marlys, don Allah bana ki tsallake Baba. Na gan shi kwance da robobi a hanci. Ba zan iya buɗe labule kullum in ga sunansa a kan kabari ba, ko na wasa ne."

Marlys ta riga ta yanka sosonsa. Ta dubi idanun Jolene, ta ga sun kawo ruwa, sai ta ce ba komai. Ta tura allon bayan firji. A ranta tana ganin alheri ta yi.

Ranar Asabar, takwas ga Oktoba, duwatsu arba'in da ɗaya suka tashi a farfajiya, da ƙwarangwal huɗu suna buga kati, da saƙar gizo daga rufi har ƙasa. Dutsen Dale ya ce ya mutu ne da matarsa ta kama shi yana goge hannun mai da tawul ɗin da aka ware wa baƙi. Sabbin maƙwabtan da suka tare a gida mai lamba tara suka ga sunayensu karon farko, matar ta rungume Marlys har kofi ya zube. Ana cikin wannan shewa Orval ya fito. Taku sittin ne daga barandarsa zuwa akwatin wasiƙun Marlys, ya yi su cikin minti shida, mutane na ba shi hanya suna tafi. Ya tsaya a gindin bishiya. Ciyawa ce kawai a wurin. Ya bi layin gaba, ya bi na baya, ya sake dawowa yana karanta kowane suna. Ya juya ya kama takunsa sittin.

Daga ranar aka daina ganinsa a baranda. Mutumin da duk shekara yake sayen alewa buhu uku tun farkon wata, bana bai ko tambaya ba. Jolene ta ce yana tura kwano gefe, ya kuma daina 'yar tafiyar da likita ya ce ya riƙa yi. Ranar ashirin da biyu ga wata Marlys ta ɗauki miyar kaza ta tsallaka. Ta same shi a kujera, bargo a gwiwa, Jolene na wanke-wanke a kicin.

"Tsoho, ka ɓuya."

"Ajiye kwanon ki zauna." Ya rage murya. "Ke ba kya min ƙarya. Me likita ya gaya wa Jolene?"

"Me kuwa? Ya ce kana samun sauƙi."

"Ni ma haka suka ce min. Amma Marlys, shekara nawa ina kallon farfajiyar nan taki? Mutum iri biyu ne ba su da dutse a cikinta: wanda bai zo ba tukuna, da wanda ya tafi. Na ga ranar da kika cire na Bernice. Ni dai na san na zo tun tuni. Gaya min kawai, wata nawa ya rage?"

Sai a lokacin Marlys ta gane. Ita ta kafa dokar da bakinta, ita ce kuma kaɗai a titin da ta manta abin da take nufi. Aka ji kwano ya faɗi a kicin. Jolene ta fito da kumfar sabulu a hannu.

"Baba! Ni ce na hana ta. Ba abin da likita ya ce. Tsoro kawai nake ji."

"To in haka ne ku nuna min a rubuce." Ya nuna Marlys da yatsa. "Sau goma sha tara na mutu a hannunki, mai fenti, ban taɓa kai ƙara ba. Yanzu don an ɗan farka ƙirjina an ɗinke sai ki fara jin kunyata?"

Kwana tara ya rage. Marlys ta jawo allon daga bayan firji, amma hannunta ya ƙi. Ta zana Orval ya mutu cikin barci yana da shekara ɗari da goma. Ta zana shi jikoki sun kashe shi da sumba. Dale ya shigo neman sifana, ya leƙa takardun ya taɓe baki.

"Mar, wannan katin gaisuwar asibiti ne. In ya ga kin tausaya masa, zai ce maganarsa ta tabbata. Ni da kika kashe da tawul kin ji tausayina?"

Ta yayyaga su. Da yamma ta hango ta taga Jolene na bin uban da cokali, shi kuma yana kauda kai kamar jariri. Ta ɗauki waya.

"Jolene, zo gareji. Taho da cokalin nan, da tukunyar."

Jolene ta zo, ta ji abin da ake shirin yi, ta ce Marlys ba ta da imani. Sannan ta gyara tsayuwa, ta ɗaga cokali, ta haɗe gira, ta tambaya ko haka ya yi. Awa biyu ta yi a tsaye ana zana ta, rabonta da dariya irin ta ranar tun watan Agusta.

Da safiyar Litinin, talatin da ɗaya ga wata, aka ga sabon dutse a gindin bishiya, ya fi kowanne tsawo da taƙi biyu. An rubuta: Orval Dombeck. Likitoci sun yanka shi ya tashi. Dafaffen ganyen 'yarsa, ba gishiri ba mai, shi ya gama da shi. A sama ga Jolene da cokali kamar shebur, ga Orval ya runtse ido. A ƙasa kuma wani hannun roba ya ɓullo daga cikin ƙasa, Dale ya sa masa ƙaramin injin goge gilashin mota, yana miƙewa yana lalube, saura kaɗan ya kai ga kwalbar gishirin da aka ajiye masa, sai ya koma.

Orval ya yi takunsa sittin cikin minti huɗu. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ya bi hannun da kallo sau uku. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya dafe ƙirji da hannu biyu, Jolene ta zabura.

"Bar ni, ɗinkin ne ke ja." Ya share hawaye da bayan hannu. "Jama'a ku zo ku gani, gaskiya ta fito! A kira 'yan sanda, ga mai laifin nan tsaye!" Ya juya ga Marlys. "Kunnuwan sun yi yawa."

"Da ma'auni na auna su, tsoho. Rage musu ma na yi."

Da la'asar ya sa aka kawo masa kujera aka ajiye kusa da kabarinsa. Ya aiki Dale kanti, ya ce buhu uku, kar a kuskura a sayo mai arha. Da rana ta yi sanyi yara suka fara ɓullowa cikin shigar burtu, mayu da fatalwowi da wata 'yar mitsitsiyar kabewa mai tafiya da ƙyar. Duk wanda ya miƙo jaka sai Orval ya nuna dutsen ya ce, "Ka san wane ne wannan? Ni ne. Jiya aka binne ni." Yara ɗari biyu da goma sha huɗu suka bi ta wurin kafin alewa ta ƙare. Jolene ta ƙirga wa uban alewa biyu da ya jefa a baki, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta uku ce ta ƙwace.

Washegari, ɗaya ga Nuwamba, Orval ya ƙi yarda kowa ya taɓa masa dutsensa. Ya rungume shi a hammata, sanda a ɗaya hannun, ya kai shi har bakin matakalar ɗakin ƙasa, can ne ya yarda Jolene ta karɓa. Ya dawo baranda, ya hango Marlys na naɗe saƙar gizo, ya ɗaga muryar nan tasa yadda duk titin zai ji.

"Mai fenti! Baɗi da me za ki kashe ni?"

"Ba a faɗa. Ka san doka."

"To ki fara tunani tun yanzu. Kar ki kawo min ta raggwaye."

Mutuwarsa ta 2023 barewa ce ta tunkuyi shi yana satar tuffar maƙwabta. Ta 2024 kuwa rawa ce ta yi masa yawa a bikin jikarsa, kuma duk wanda ya je bikin ya ce Marlys ba ta yi ƙari ba.