Mai shayin da ta ƙi yarda da mu

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta da wata mai shayi a kasuwar Haj Abdalla.

A wata damina ruwa ya fasa tur'a, hanyar ruwan gonakinmu, ya rushe ɗakin wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Ta koma kwana ƙarƙashin leda da jikokinta, ga hadari kullum yana haɗuwa. Mu samarin ƙauye muka ɗauki kwali da buhu muka tafi kasuwa nema mata taimako. Ni aka sa gaba, wai na fi kowa baki.

Bakin bai yi mini rana ba. Ashe kafin mu wasu sun zagaya da labarin ƙarya sun cuci mutane, don haka duk wanda muka tara sai ya dafe aljihu ya ce Allah ya kawo sauƙi. Mai shayin nan kuwa, wata Balarabiya mai jiki, tun safe take bin mu da ido. Na ce wa abokina wannan matar 'yan sanda za ta kira mana.

Da azahar ta yafuto ni. "Ya waladi, ɗana, wace tsohuwa ce? Ɗakin ina ya fuskanta? Me ya sa 'ya'yanta ba su zo ba?" Na amsa raina a ɓace. Sai ta kashe garwashinta, ta ce, "Kai ni in gani."

Muka hau karo, keken jaki. Duk hanya ina lissafin abin da take nufi. Ko so take ta kunyata mu a gaban manyanmu? Ko kuwa leƙen asirin talaucinmu za ta yi, ta samu na ba masu shan shayi labari?

Da muka isa ta zagaya ɓaraguzan, ta ɗaga ledar, har tukunya sai da ta buɗe. Tsohuwar ta jawo rigata ta raɗa mini, "Kai ɗana, wagga mata mi taka biɗa?" Na ce, "Inna, ni ma ban sani ba." Matar ta juya ta tafi, ko sisi ba ta ajiye ba. Ranar na ji haushi ƙwarai.

Ran kasuwa mai zuwa muka koma jiki a sanyaye, sai muka tarar ta ajiye mana kujera kusa da murhunta. Duk wanda ya miƙa hannu karɓar shayi sai ta riƙe kofin ta ce, "Yaran nan gaskiya suke faɗa. Na je, na gani da idona." Mutanen da suka dafe aljihu su ne suka kawo dawa, gora da tabarmi, wani ma ƙyauren ƙofa ya sa aka ɗora mana a karo. Ruwan da ya biyo baya a kan sabon rufi ya sauka, tsohuwar tana ciki da jikokinta.

Tun daga nan na daina jin zafin mai tsananta tambaya. Masu yi mana addu'a su wuce suna da yawa a kasuwar nan, amma wadda ta zarge mu ita kaɗai ta rufe sana'arta ta je ta duba.