Wurin da igwa ba ta taɓawa

Fermin Challapa direban tankar ruwa ne a rundunar masu igwa, cikin hamadar da ke gabas da garin Iquique na bakin teku. Aikin ya cinye masa kunne ɗaya, ga ido ya fara gajiya.

A zamanin ƙuruciyarsa, da tulin duwatsu ake shaida inda igwa za ta tsaya. Wajen jera su ne hazon teku ya rufe abokinsa Nicanor, ba a same shi da rai ba. Fermin ya ƙera masa ɗan ɗakin kwano a inda ya faɗi, kamar yadda ake yi wa wanda ya mutu a hanya. Duk fitowa sai ya kai masa ruwa da kyandir.

Yanzu kuwa tauraron ɗan adam ke gaya wa igwa inda take. Ta tsaya ko'ina, ta harba, ta ƙara gaba. Da Fermin ya ji atisayen bana zai sauka a gefen tudun da ɗan ɗakin yake, sai ya tafi neman mai na'urar da ke magana da tauraron.

Ya sami Sajan Urrutia, mai riƙe da na'urar, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi buƙatarsa: kada wutar igwa ta taɓa ɗan ɗakin Nicanor. Sajan ya ce akwai wuraren da ake hana wa wuta, amma sai an kai na'urar har can ta shaida.

"Kai da ba ka ganin cokali a cikin miya, tsoho, za ka gane wurin?"

"Yallaɓai, in na ɓata, ai tauraronka zai maido mu."

Sun ɓata kuwa. Tuddan duk kama ɗaya suke, Fermin ya juya tankar, ya sake juyawa, gumi na bin wuyansa. Sajan ya daina tsokana. Can da la'asar rana ta bugi kwanon, ya ƙyalla. Sajan ne ya hango.

Ya tsaya a ƙofar ɗan ɗakin, ya danna na'urar, ya cire hula. Ya tambayi sunan mamacin, ya sa wa wurin, cikin jerin wuraren da aka hana wa wuta.

"Ko bayan na bar aiki?" in ji Fermin.

"Ko bayan ni ma na bari."

Ranar atisaye Fermin yana bayan tankarsa. Ƙurar harbin ta tashi can nesa, hagu da tudun.