Man Goshi Daga Kwanni

Tun ina yarinya nake magana da goshi. In na yi mamaki ya tattare, in ina dariya ya tattare, in ina ciniki kuwa sai ya zama kamar kunyoyin gonar gero. Kafin in kai shekara talatin layuka uku sun zauna daram, ko barci nake suna nan. Ni ba su taɓa damuna ba, innata suka dama.

Ni ce autarta, ni kaɗai ce kuma aka kai aure Illela, sauran duk suna Sakkwato kusa da ita. Wani zuwa da na yi gida ta ƙura mini ido, ta yanke hukunci cewa wahala nake sha ina ɓoyewa. Na rantse mata lafiya lau nake zaune, ta ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya kuwa daɗi nake ji. Maigidana ɗan kasuwa ne mai sanyin hali, yana kai kaya Kwanni, can tsallaken boda, yana kawowa, ni ce ma mai faɗa a gidan. Abin ya tsaya mini a rai, don ba na son a ɗora wa bawan Allah laifin da bai yi ba, ba na kuma son tsohuwa ta riƙa kwana da tunanina.

Ba a daɗe da sake buɗe boda ba ta aiko cewa bayan sallah za ta zo ta gani da idonta. Sai na sa maigidan ya nemo mini wani mai da matan Kwanni ke yabo, wai yana miƙar da fata. Ya kawo shi a 'yar farar kwalba mai rubutun Faransanci, yana ƙamshin lemo. Safe da yamma ina shafawa ina murzawa sama, kamar yadda mai kantin ya kwatanta masa.

Matsalar ita ce wa zai faɗa mini ko ya yi aiki. Madubin jikin kabad ɗina yau ya ce eh, gobe ya ce a'a. Maigidan kuwa tun kwana na biyu yake cewa goshin ya miƙe sarai. Sai na kira maƙwabciyata, wata 'yar garin Araba mai sayar da ƙuli-ƙuli wadda ba ta iya ɓoye magana ba. Ta tsayar da ni tsakar gida cikin rana, ta sa na yi shiru, sannan ta sa na ba ta labari. Hukuncinta shi ne fatar ta yi laushi, in na yi tsit layukan sun ɗan kwanta, amma da na buɗe baki sai su dawo da ƙannensu.

To ai da sauƙi, in ji ni, bakin zan rufe.

Ranar da Inna ta sauka na tarbe ta da fuska a shafe. Ba dariya, ba ɗaga gira, gaisuwa ma a hankali nake amsawa. Ta ba ni labarin wani ɗan'uwanmu da rago ya tunkuya ranar sallah, na danne dariyar har cikina ya yi ciwo. Ina ta jin daɗi a raina, ashe ɓarna nake yi. Ko furar da na dama mata ba ta sha ba.

"Ke, mi as same ki? Wa ar rufe miki baki haka?"

Na ce ba komai. Ta sa a kira mata surukinta. Ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, gumi na keto masa. Ta tambaye shi abin da ya yi wa ɗiyarta da ta zama kurma. Don ya wanke kansa sai ya zazzage komai, da man, da dalilin sayensa. Da ta tambaye shi ko man ya yi amfani, ya ce shi dai tsakaninsa da Allah bai taɓa ganin bambanci ba, yana faɗa ne don a zauna lafiya.

Nan na manta da Inna, na manta da goshi. Na hau shi da faɗa, wato duk makonnin nan ina murza fuskata har tana zafi, kallona kawai yake yana yi mini daɗin baki? Ya yi ta sunne kai yana ƙunshe dariya. Ban tsaya ba sai da na ji wata dariyar a bayana. Inna ce, har da share hawaye da gefen mayafi.

"Tashi ka tai kasuwarka, Allah shi yi maka albarka," ta ce masa. "Kai ad da haƙuri. Ashe kai ya kamata in zo dubawa."

Ta jawo kwanon furar ta shanye, ta ce in ƙaro mata.